Kura A Cikin Randa: Shin Yaro Ɗan Shekara 3 Maƙaryaci Ne?

  

Ya ku ƴan uwa Musulmi, wata rana bayan sallar la'asar, a ƙofar masallacinmu nan Matamaye, wani bawan Allah ya tare ni riƙe da hannun ɗansa mai shekara 3. Ya ce: "Allah gafarta Malam, a taimake ni da rubutun sha. Yaron nan ƙarya ta kama shi tun bai iya ɗaura wando ba. Jiya ya ce kura ta shiga randar uwarsa, shekaranjiya ya ce dokinsa na kara ya kai shi Damagaram ya dawo. Na doke shi, bai bari ba. Kakarsa kuma ta ce iska ce, a kai shi gidan bori." Na dubi ƙafafun yaron, sai ga shatar tsumagiya. Wannan shata ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ku sani, zunubin ƙarya yana kan wanda ya san gaskiya, sannan ya faɗi saɓaninta da gangan. Yaron da aka yaye bara bai gama rarrabe abin da idonsa ya gani da abin da ya yi mafarkinsa ba, balle tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ya ji a cinyar kakarsa. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, salla ma da take ginshiƙin addini sai ya shekara 7 ake umurtarsa da ita. To wane ne ya ba uba ikon ɗora hukuncin da Ubangiji bai ɗora ba?

Mu duba gidan Annabta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Haibara, iska ta ɗaga labule, sai ya hangi ƴan tsanar Nana A'isha (RA), a tsakiyarsu ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya nuna mamakin doki da fiffike, ita kuwa ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimana (AS). Bai kwatse ta ba. Dariya ya yi har turamen haƙoransa suka bayyana. Irin wannan hadisi ne Alƙali Iyad, babban malaminmu na Malikiyya da ya rasu a shekara ta 544 bayan hijira, ya dogara da shi wajen halatta wa ƴan mata ƴar tsana.

Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wata rana ya tsawaita sujada yana limanci, har sahabbai suka zaci wani abu ya faru ko wahayi ne ke sauka. Ashe jikansa ne, Hasan ko Husaini, ya hau bayansa ya mai da shi abin hawa, shi kuma ya ƙi gaggauta shi har ya gama. Subhanallahi! Mu limaman yau, da yaro zai hau mu haka a gaban sahu, Allah kaɗai Ya san abin da zai same shi bayan sallama. Ban cire kaina ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi nauyi: a gidajenmu wa ke ƙarya, yaro ko babba? Abdullahi ɗan Amir (RA) ya ce yana ƙarami uwarsa ta kira shi za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa safe da yamma: "Yi shiru ga Dodo nan", "Zan kira likita ya yi maka allura", "Bari in dawo daga kasuwa in kawo maka rake", alhali ba mu da niyyar kawowa. Mu muka cika ɗakinsa da dodanni, in ya ce ya gan su da dare sai mu ɗauki bulala.

Batun iska kuwa, zuwa wurin boka da ƴan bori haram ne, ba sai na tsawaita ba. Amma ku rarrabe, musamman da damina. Yaron da ke wasa lafiya, yana cin tuwonsa, yana hira da dokin kara, babu abin da ke damunsa. Wanda jikinsa ya yi zafi, yana sambatu, yana firgita ko sanƙarewa, wannan zazzaɓin cizon sauro ne ake tsoro, a kai shi asibiti a wannan sa'a, ana tafe ana addu'a. Haka in yaro ya riƙa ambaton wani mutum da sunansa yana kuka, ya ce ya cuce shi, kada a ce ai dama ya saba shirme. A bincika a natse.

Abin da na ce wa mahaifin nan shi ne: in ya kawo labarin kura, ka saurara, ka tambaye shi launinta da inda ta nufa. In ya gama ka ce: "Wannan tatsuniya ce mai daɗi, to yanzu gaya mini abin da ka ci da rana." A hankali zai gane cewa tatsuniya da labari kowanne da wurinsa. Ranar da ya girma ya fasa ƙwarya ya ce akuya ce, ranar ce za a zaunar da shi a yi masa maganar gaskiya da amana.

Kafin su tafi na durƙusa na tambayi yaron inda kurar take yanzu. Ya ɓoye bayan rigar ubansa, ya ce ta tafi, don ita ma tana tsoron Baba.