Inuwar Giginya: Wa Jirgin Ƙasa Zai Tsaya Wa?

Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu ta Kambarawa, hira ta gangaro kan layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Matasa sai murna suke, kowa na lissafin yadda zai karya kumallo a Katsina, ya sari kaya a Kantin Kwari, ya dawo gida kafin la'asar. Wani dattijo da ya daɗe yana saurarenmu ya gyara zama ya ce, "'Ya'yana, na ji zai yi gudu. To a ina zai tsaya?" Muka yi dariya muka wuce zancen. Ni kuwa tambayar ta bi ni har gida.

Ga abin da aka sani game da aikin. A watan Satumba na 2020 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilarsa a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da shi. Tsawon layin ya kai kimanin kilomita 284, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar, sannan akwai reshen da zai nufi Dutse. Waɗannan su ne sunayen da ake ambata. Tsakanin kowane suna da na gaba da shi kuwa akwai ƙauyuka da gonaki da burtalai waɗanda jirgin zai ratsa ba tare da ya rage gudu ba.

Mu Katsinawa ya kamata mu fi kowa sanin zafin a wuce mutum. Kafin zuwan Turawa, birninmu mashigar ayarin Sahara ne. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, gyaɗa ta taru a Kano har aka yi dalarta. Da aka ja wani reshe daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda ya kammala a 1929, sai ya bi ta Funtuwa, garin ya bunƙasa da cinikin auduga. Birnin Katsina bai ga jirgi ba. Babu wanda ya kawo mana yaƙi, babu wanda ya ƙwace mana kasuwa. Wani ne kawai ya ja layi a kan taswira, layin bai biyo ta kanmu ba, muka yi shekara fiye da ɗari muna biyan kuɗin wannan zane. Yanzu da alƙalamin ya biyo ta ƙofarmu, shin za mu tuna da waɗanda zai tsallake?

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a can na fara fahimtar wannan matsala. Na taɓa rubuta wa wani kamfanin rarraba kaya manhajar da ke zaɓa wa direbobi hanya. Na ba ta nisa, na ba ta kuɗin mai, na ba ta yawan masu saye a kowane gari, na ce ta nemo mafi riba. Ta yi aikinta daidai. Bayan wasu watanni wani direba ya gaya mini cewa akwai ƙauyen da motarsu ta daina shiga, kuma mai ɗan shagon magani na wurin yanzu sai ya hau babur ya fito bakin titi ya jira. Manhajar ba ta ƙi mutumin ba, ba ta ma san da shi ba. Ni ne ban saka shi a lissafi ba, kuma duk abin da ba a saka a lissafi ba, kwamfuta sifili take ba shi. Masu zana layin dogo ma haka aikinsu yake, sai dai nasu kuskuren da ƙarfe da kankare ake rubuta shi, ba a goge shi da danna maɓalli.

Mu ɗauki mutum uku. Na farko fasinja ne, ya biya tikiti ya huta da wahalar mota. Na biyu mai fili ne kusa da tasha, wanda darajar filinsa za ta ninka yana barci. Na uku manomi ne da layin ya raba gonarsa biyu, tasha mafi kusa da shi kuma tafiyar rabin yini ce a ƙafa. Na farko ya biya ya amfana. Na biyu bai biya ba ya amfana. Na uku shi ya fi kowa biya, rabonsa kuwa ƙarar jirgi da ƙura. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha.

Wani zai ce, to jirgi ya tsaya a kowane ƙauye ne? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Duk tsayuwa ɗaya mintoci ne da aka cire daga lokacin ɗaruruwan mutanen da ke ciki. Jirgin da ke tsayawa ko'ina ya zama motar haya mai tsada, mutane za su guje shi, bashin da aka ci don gina shi kuma ya rage a wuyan kowa, har da manomin. Babu hanyar da za a shimfiɗa ba tare da an taɓa gonar wani ba. Idan aka ce sai kowa ya yarda, ko kwalbati ba za a gina ba.

Na yarda amfanin jama'a yana halatta a karɓi gonar mutum ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce amfanin jama'a ya shafe bashin. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma diyyar da ta fi mayar da hankali a kai ita ce ta abin da ke bisa ƙasar: gini, itatuwa, amfanin gona. Amma gona ba geron bana kaɗai ba ce. Ita ce geron baɗi, ita ce gadon 'ya'ya, ita ake jinginarwa ranar da ciwo ya zo. Ana iya cika sharaɗin doka tsaf, haƙƙi kuma yana nan bai fita ba.

Biyan wannan bashi ba ya buƙatar a kashe gudun jirgi. Yana buƙatar mashiga ta ƙarƙashin layi a inda manoma da makiyaya suka saba bi, don kada shinge ya raba mutum da rijiyarsa ko shanu da burtalinsu. Yana buƙatar hanyoyin da za su haɗa ƙauyuka da tasha, da jirgi ko da ɗaya a yini wanda zai tsaya a ƙananan tashoshi ya ɗauki buhun wake da akuya. Yana buƙatar tikitin da talaka zai iya saya. A layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, an koma sayar da tikiti ta intanet a 2021 don maganin 'yan bumburutu. Gyara ne mai kyau. Amma a matsayina na mai rubuta irin waɗannan manhajoji, na san tsohuwar da ba ta da babbar waya ita ce ake fara mantawa da ita. A bar mata taga da mutum a zaune.

Akwai kuma masu cewa me ya kai kuɗin Najeriya Maraɗi? A nan Katsina tambayar baƙuwa ce. Sarakunan Katsina na dauri ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa, kuma da wuya ka sami unguwa a birnin nan da ba ta da dangi a can. Duk da haka mun ga yadda aka rufe iyakar Jibiya a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, 'yan kasuwa da 'yan dako suka zauna hannu rabbana. Ƙarfe na iya haɗa gari da gari, amma shawarar mutane ce ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta.

Ranar da jirgin ya fara aiki, in Allah ya kai mu, zan sayi tikiti kamar kowa, zan kuma yi murna. Amma na yi wa kaina alkawarin zama kusa da taga. Idan muka wuce wani mutum tsaye a bakin shinge da fartanya a kafaɗa, ina so in tuna cewa ta cikin gonarsa nake tafiya. Har yanzu ban koma wurin dattijon nan da amsa ba. Abin da zan iya ce masa shi ne, Baba, tun kafin a gama zuba kankare ya kamata mu yi ta maimaita tambayarka a gaban masu alƙalami.