Mai Ƙiba a Gidan Motsa Jiki: Me Addini Yake Nema a Wurinsa?

Tudun Wadan Zariya unguwa ce ta ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa tun zamanin Turawa, lokacin da aka yanke ta a bayan ganuwa domin baƙin da suka zo neman abinci daga sauran garuruwan Arewa. A da, ma'aikacin kamfanin Gaskiya da malamin asibiti da akawun Kongo da ƙafa ko a kan keke suke zuwa aiki, matan gida kuwa daka da surfe da jan guga sun ishe su atisaye. Yau daga Agoro zuwa Ƙofar Doka ma sai an tsayar da acaɓa, injin niƙa ya kori turmi, lemon kwalba ya ture ruwan randa wajen tarar baƙo. Da aikin ƙarfi ya bar rayuwar ɗan birni, sai aka fara sayensa da kuɗi a gidajen motsa jiki. A cikin masu zuwa can kuwa, babu wanda ido ya fi bi kamar mai ƙiba.

Ga shi nan, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, ya tuɓe jallabiya ya rage daga shi sai ƙatuwar riga da wando mai faɗi. Ya hau injin gudu, bai cika minti biyar ba haki ya kama shi, riga ta manne a baya, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu yana satar kallon agogon injin. A gefensa samari ne masu ƙirar zaki suna ɗaga ƙarfe a gaban madubi, ɗaya da waya a hannu. In ya fito, 'yan majalisa na jiransa: “Alhaji, ina za ka kai mana tumbin arziki?” Zargi biyu yake sha. Wasu sun ce ya raina halittar da Allah ya yi masa, ya bi yayin Nasara. Wasu kuma sun ce ai shi ya ja wa kansa, haɗama ce ta kai shi nan, yanzu yana biyan bashin cikinsa. Duk da sun saɓa, tushen zargin ɗaya ne: sun ɗauka girman jikin shi ne abin shari'a. Ni a ganina abin da addini ya ɗora wa wannan bawan Allah shi ne kula da jikin da aka ba shi gwargwadon iko. Yawan kilon da zai sauke ba ya cikin abin da aka wajabta masa.

Asalin maganar shi ne jiki ba mallakin mai shi ba ne, amana ce. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa na da hakki a kansa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. In har ibada ba ta halatta a cuci jiki ba, ina ga zaman kujera da cin maiƙo? Tirmizi ya kawo cewa cikin abubuwan da za a tambayi bawa ranar hisabi har da jikinsa, a me ya ƙarar da shi. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun sa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. A ƙasar nan ma ba baƙon zance ba ne: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki a haɗe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce a kan magani. Wanda ya ce damuwa da lafiyar jiki daga Turai ta zo, bai leƙa littattafan zauren unguwarsu ba.

To amma amana daban, laifi daban, kuma nan ne masu cewa ƙiba zunubi ce suke zamewa. A Madina akwai masu jiki, kuma an san yadda aka yi da su. Uwar muminai Sauda 'yar Zam'a mace ce mai nauyin jiki. A hajji ta nemi izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso, aka ba ta. Anas ya ba da labarin wani mutumin Ansar mai girman jiki da ya ce ba ya iya zuwa sallar jam'i, Annabi ya je har gidansa ya yi salla raka'a biyu a kan tabarma. A duka biyun rangwame aka yi, ba a ji faɗa ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Annabi ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya yi mata raha cewa an rama. Mace ce ta ƙara nauyi, mijinta ya gayyace ta gudu cikin wasa, babu gori a ciki. Masu tsananin ra'ayi sukan kawo hadisin Imrana ɗan Husaini da ya ambaci bayyanar ƙiba cikin alamun mutanen da za su zo bayan mafifitan ƙarnoni. Masu sharhi, ciki har da Nawawi, sun bayyana cewa abin zargi shi ne ƙibar da aka nema ta hanyar dulmuya cikin ci da sha, ban da wadda take halitta. Ayar Suratul A'araf ta 31 ma almubazzaranci ta hana, almubazzaranci kuwa aiki ne, ba siffa ba. Kowa ya san siririn da ke tashi da malmala uku bai ƙara ko kwata ba, da mai ƙibar da cinsa bai kai na yaro ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da babban rabo a nauyin jiki, kuma tun 1994 da Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano sinadarin leptin aka ƙara fahimtar cewa yunwa da ƙoshi ba a hannun niyya kaɗai suke ba.

Sai masu cewa ƙaddara. In gado ne, in ji su, me ya kai shi kokawa da abin da aka rubuta? Wannan tsohuwar gardama ce kuma an daɗe da raba ta. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga wata ƙaddarar Allah ya gudu zuwa wata. Babu wanda ke kiran mai shan maganin hawan jini mai jayayya da Ubangiji. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako da burin sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu sun rage haɗarin kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan ƙwayar metformin sun rage da kashi 31 ne. Ga mai kilo ɗari, sauke kashi 7 ɗin kilo bakwai ke nan. Zai ci gaba da zama ƙato a idon 'yan majalisa, amma jininsa ya san an yi aiki. Wanda aka nuna masa sababi irin wannan ya ƙi, ya ce tawakkali yake yi, ya sake raƙuminsa ne bai ɗaure ba.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan ƙarfi, kuma daga masana take fitowa: motsa jiki shi kaɗai ba ya rage ƙiba sosai. Gaskiya ce, kuma bai kamata masu gidajen motsa jiki su riƙa ɓoye ta ba. Kwalbar lemo ta rabin lita na ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali goma, kuma abin da aka shanye cikin minti biyu sai an yi tafiyar sama da rabin awa kafin a ƙone shi. Herman Pontzer ya auna mafarautan Hadza na Tanzaniya, ya wallafa a 2012 cewa duk da yawan tafiyarsu, ƙarfin da jikinsu ke ƙonewa a yini bai wuce na mazauna biranen Turai da Amurka ba in an yi la'akari da girman jiki. Jiki yana da dabarar tsimi. Shi ya sa mutum zai yi wata uku yana zuba gumi, ya hau sikeli ya ga allura ta ƙi motsi, ya ce asara ya yi, ya naɗe tabarmarsa. Ragin gaske a akushi yake, kuma hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib na raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ya riga likitoci faɗa.

Sai dai wannan sukar ba ta rushe hujjar ba, ta ma tsarkake ta. Steven Blair da abokan bincikensa a Dallas sun bi maza fiye da 20,000, suka ruwaito a 1999 cewa mai ƙibar da zuciyarsa da huhunsa suka horu ya fi siririn da ba ya motsi tsira daga mutuwar wuri. Ashe amfanin gumin yana shiga ko sikeli bai shaida ba: hawan jini na sauka, suga na daidaita, barci na daɗi, gwiwa na samun tsokar da za ta tallafe ta. A nan ilimin likita ya haɗu da ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa ana kallafa wa bawa aiki ne gwargwadon ikonsa, sakamako kuwa ba a hannunsa yake ba. Mutumin da a da yake jawo kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, yanzu yana kai goshinsa ƙasa ya tashi ba tare da dafa bango ba, ya samu abin da ya je nema ko da wandonsa bai sauya lamba ba. Safa da Marwa kaɗai tafiyar sama da kilomita 3 ce. Maniyyaci nawa ke tara kuɗin kujera shekara da shekaru, bai taɓa tanadar ƙafar da za ta yi wannan tafiyar ba?

Game da abin da ke cikin gidajen kansu, masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Akwai kiɗa mai tsaga kunne, akwai inda maza da mata ke cakuɗa, akwai gajeren wandon da bai rufe tsakanin cibiya da gwiwa ba, akwai madubin da ke koya wa yaro son kansa. Waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa da sharaɗi da tsari, kuma wanda bai samu wurin da ya kwanta masa ba, titin Gaskiya bayan sallar asuba ba ta karɓar kuɗin wata. Gidan motsa jiki hanya ce, ba wajibi ba. Amma zancen riya a bar shi ga masu shi. Mai ƙiba ba abin da zai nuna a can. Kunya yake haɗiyewa kafin ya shiga. An ruwaito daga Fulailu ɗan Iyali cewa barin aiki saboda idon mutane shi ma riya ne, kuma wannan ce riyar da ta fi barazana ga mai ƙiba: ya zauna a gida don kada a gan shi yana haki. In ana neman haramcin da babu saɓani a kansa a wannan ɗaki, to yana wajen mai dariya da mai ɗaukar bidiyo a ɓoye don ya watsa a TikTok. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili da jifa da laƙabi. Da sahabbai suka yi dariyar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'udu saboda sirantarsa, Annabi ya shaida musu cewa a mizani ya fi dutsen Uhudu nauyi. Hukuncin bai canza ba don wanda ake wa dariyar lukuti ne.

Saura maganar da ta fi ciwo, ta wanda zai ce: ana fama da yunwa, ɗan dako na zuba gumi don ya ci, wani na biya don ya zubar da abin da ya ci. Tun cire tallafin mai a 2023 wannan magana ta ƙara kaifi. Amma ƙiba ba ta masu wadata kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce ƙima, a daidai lokacin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure. Wani lokaci a gida ɗaya ake samun su, domin abin da ke cika ciki da araha shi ne gari da taliya da burodi da shayi mai zaƙi, nama da ƙwai da ganye kuwa sun yi tsada. Ga kuma al'adarmu da ke ganin rama a matsayin shaidar wahalar gidan miji, har ta tura 'yan mata shan ƙwayoyin “sha ka fashe”, waɗanda wasunsu ke kumbura jiki su tayar da suga da hawan jini. Matar da ta haihu biyar, gwiwa na ciwo, likita ya ce ta rage jiki, ita ce ta fi kowa bukatar wurin motsawa kuma ita ce ta fi rashinsa: titi da asuba ba nata ba ne, tsakar gidan haya ba fili, gidan motsa jiki cike da samari. Masu waɗannan gidaje za su iya ware wa mata sa'o'insu da mai horarwa mace da ƙofa a rufe, makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika Tudun Wada suna da farfajiyar da ke zaman banza bayan an tashi, kuma mijin da ke sayen maganin suga duk wata ya san kuɗin rajista bai kai wannan ba.