Haƙƙin Wanda Ya Riga da Nauyin Alkawari

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da ma'abota hankali, tun zamanin magabata har zuwa wannan zamani da ɗan Adam ya koyi keta sararin samaniya, akwai mas'alar haƙƙin wanda ya riga: shin daɗewar mutum cikin hidima tana ba shi rabon da ba ya gushewa ko da gidan da ya yi wa hidimar ya rushe, ko kuwa haƙƙi ne da ke rayuwa da rayuwar gidan, ya mutu da mutuwarsa? Ban ga inda wannan tambaya ta fito fili ba kamar a husumar matuƙa jiragen sama na Amurka, duk sa'ad da kamfanoni biyu suka haɗe suka zama ɗaya.

Ga al'adar wannan sana'a a can, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ita ce jarinsa, domin da ita ake ba shi lamba a jerin ma'aikata, lambar nan kuwa ita ke hukunta ko zai zauna kujerar kyaftin ko ta mataimaki, ko zai tuƙa babban jirgi mai ƙetare teku ko ƙarami, a wane gari zai zauna, wace rana zai kwana cikin iyalinsa, kuma idan kasuwa ta faɗi, wa za a fara sallama. Lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Wanda ya sauya gida, komai furfurarsa, daga ƙasan jeri zai soma. Saboda haka idan aka zo haɗa jeri biyu, abin da ake rabawa shi ne ragowar rayuwar mutane.

A shekarar 2001 kamfanin American Airlines ya sayi TWA, wanda bashi ya durƙusar, sai aka jera da yawa daga matuƙan TWA a can ƙarshen jeri, ma'aikatan cikin jirginsa kuwa aka kai su ƙasa baki ɗaya; da harin 11 ga Satumba ya auku a wannan shekara, aka shiga rage ma'aikata, su ne guguwar ta fara ɗauka. Ɗacin wannan al'amari ya sa sanatoci biyu na jihar Missouri, Claire McCaskill da Kit Bond, suka tsaya har aka kafa doka a 2007, wadda ta wajabta haɗa jeri bisa adalci, in an kasa daidaitawa a je gaban mai sulhu.

Ƙissa ta biyu ta fi wannan sarƙaƙiya. A 2005 America West, kamfani matashi mai mazauni a Arizona, ya haɗe da US Airways, tsoho mai yawan matuƙa, wanda ya shiga kariyar kotu saboda bashi har sau biyu, a 2002 da 2004, kuma ya riga ya zaunar da ɗimbin matuƙansa a gida. Mutanen tsohon kamfani suka ce a bi ranar ɗauka aiki, domin shekarun da mutum ya ƙarar a sama ba su da madadi. Mutanen matashin suka ce a dubi abin da kowa ya zo da shi ranar haɗuwa, domin bai dace wanda ya zo ba shi da kujera ya tayar da wanda ke zaune kan tasa ba. Da sulhu ya gagara, aka miƙa al'amarin ga mai sulhu George Nicolau, bisa sharaɗin hukuncinsa ne ƙarshen magana. A 2007 ya yanke: ya sa wasu manyan matuƙan tsohon kamfani a sama, ya gauraya na tsakiya, ya sa waɗanda ke zaune a gida a ƙasa, har wanda aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1980 ya sami kansa a bayan wanda aka ɗauka bayan 2000. Mutanen tsohon kamfani, da yake su ne masu rinjaye, suka ƙi hukuncin, suka fice daga ƙungiyar matuƙa ta ALPA a 2008, suka koma sabuwar ƙungiyar da suka kafa, USAPA, domin su kuɓuta daga gare shi. Shari'a ta yi ta ja shekara da shekaru, ɓangarorin biyu suna tuƙi a rarrabe ƙarƙashin suna ɗaya, a kan albashin zamanin ƙunci, har kamfanin ya sake haɗewa da American a 2013.

Mai nazarin tarihin Musulunci ba zai ga wannan saɓani baƙo ba. Sayyidina Abubakar, Allah ya yarda da shi, ya kasance yana raba dukiyar baitulmali daidai wa daida, bisa hujjar cewa ladan rigaye a wurin Allah yake, wannan kuwa abin rayuwa ne da buƙata ta daidaita mutane a cikinsa. Sayyidina Umar, da ya kafa diwani, sai ya fifita mutane gwargwadon rigayensu, ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5,000, na bayansu ƙasa da haka. Dukansu biyu adalai ne, dukansu mujtahidai, amma ma'auninsu ya bambanta. Wannan kuwa dalili ne bayyananne cewa tsakanin haƙƙin daɗewa da haƙƙin halin da ake ciki babu mudu guda da zai auna wa kowa ya ƙoshi.

To, idan ma'auni bai zama ɗaya ba, ina adalci zai tsaya? Abin da na fahimta shi ne zai tsaya a kan alkawari. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe, malamanmu na Malikiyya kuma sun tabbatar cewa idan masu husuma suka naɗa mutum ya hukunta tsakaninsu, hukuncinsa ya lazimce su, sai fa in zalunci ne bayyananne. Hikimar wannan a fili take: da za a bar kowa ya karɓi hukunci in ya yi masa daɗi, ya yar in ya yi masa ɗaci, da naɗa mai hukunci ya zama wasa, ƙarfi ya koma shi ne alƙali. Ina tausaya wa matuƙin da ya ga shekarunsa sun narke a takarda, tausayi na haƙiƙa, domin raunin da aka yi masa ba ƙarami ba ne. Amma ba zan iya cewa yawan ƙuri'a yana warware abin da harshe ya ƙulla ba. Abin da aka yi wa mutanen TWA da abin da aka nemi yi wa mutanen America West cuta ɗaya ce: mai rinjaye ya ɗauki rinjayensa hujja.

Wanda ya riga yana da haƙƙin a girmama shi, a kuma saka daɗewarsa a ma'auni da nauyinta. Wanda aka tarar a kujerarsa yana da haƙƙin kada a tashe shi don wahalar da ba shi ya jawo ba. A kan su biyun kuwa akwai wajibin su tsaya ga abin da suka yi alkawari tun ba su san wanda hukunci zai faɗa wa ba. Wanda ya cika wannan alhali yana cikin hasara, ya rasa lamba a jerin kamfani, jerin da wata haɗuwar za ta iya sake rubutawa gobe, amma ya tsira da amanarsa, shekarun hidimarsa kuwa suna rubuce a wurin da Abubakar ya ce ladan rigaye yake. Allah ya sa mu cikin masu cika alkawari ko da ya yi ɗaci.