Itacen Da Ke Cikin Gona, Na Wane Ne?

'Yan'uwa, ga wata tambaya da ta isa mu yi tunani a kanta. In mutum ya sare gawo a gonarsa, ya yi wa wani laifi, ko kuwa abinsa ne, ya yi yadda ya ga dama?

Bari mu duba ƙasar Maraɗi. A shekarar 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar gandun daji, itatuwa masu amfani suka koma hannun hukuma. Wanda ya sare ba da izini ba, a ci shi tara. Da manoma suka ga itace ya zama abin jawo wahala, suna kuma son gona fes, sai suka riƙa sassabe kowane toho tun yana ƙarami. Sa'ad da fari ya zo a 1973, ya kuma komo a 1984, ya tarar da gonaki tsirara. Iska ta kwashe ƙasa mai kyau, rairayi ya binne gero tun yana tsiro, mata kuwa suna tafiya mai nisa neman itacen wuta.

A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tohon da ke gonaki daga kututture masu rai su ke fitowa, saiwarsu tana nan a ƙasa. Ba sai an dasa sabon itace ba. A zaɓi toho masu ƙarfi kaɗan, a datse sauran, a tsare su daga awaki. Manoma suka kira wannan sassaben zamani. Da aka fara sakar musu amfanin itatuwansu, aikin ya bazu har ƙasar Damagaram. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5.

Me wannan ya koya mana? Da fari, mutum ba ya kiyaye abin da an hana shi morewa. Lalle itacen na manomi ne.

Amma ba nasa ne shi kaɗai ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuwa taki ne. 'Ya'yansa suna ciyad da dabbobi da rani. Yana rage ƙarfin iska har a gonar maƙwabci. Yakan yi shekaru da yawa kafin ya girma, gatari kuwa rana ɗaya ta ishe shi. Ashe maƙwabci da makiyayi da jikokin da ba a haifa ba tukuna, duka suna da rabo a ciki.

Saboda haka mu ke cewa itacen nasa ne, amma amana ce daga wurin Allah. Mai riƙon amana yana ci daga cikinta, ba ya hallaka ta. Ya sare reshe, ya bar gindi.

In lokacin sassabe ya zo, kafin mu ɗaga gatari, mu tuna da waɗanda za su gāji gonar.