Wasa Dubu Goma a Aljihu

Ɗana, na ga abin da ka sayo: 'yar na'urar da ba ta wuce tafin hannu ba, irin su Miyoo Mini da Anbernic da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Mai shago ya ce maka wasa dubu goma ne a cikinta. Ban hana ka ba, amma zauna ka ji.

Aikinta kwaikwayo ne. Manhajar cikinta ce ke rikiɗa, yanzu ta zama Game Boy na 1989, an jima ta koma Sega ko PlayStation ta farko ta 1994, sai tsohon wasa ya gudana kamar yana gidansu. Fasaha ce, na yaba. Sai dai yawancin wasannin da aka cusa a memorin ba da izinin masu su aka kwafo ba, shi ya sa a 2018 kamfanin Nintendo ya maka wasu masu raba su a intanet a kotun Amurka. Kai da aka tarbiyyantar kan tsoron haƙƙin mutane, kada ka mai da kwafarsu sana'a. Memorin da ke zuwa da ita kuwa sau da yawa mai arha ce, takan mutu ba sallama, don haka ka sauya ta. Kada kuma ka bar na'urar cikin mota a zafin Afrilu. In batir ya kumbura, ka daina sa shi a caji.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba.

Mu a lokacinmu kaset ɗaya ne a gida. An rubuta 9999 a jikinsa, alhali 'yan wasanni ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa. Yara bakwai ko takwas kan tabarma, ido a talabijin, biyu na bugawa, saura na jira. A Contra rai uku ake ba ka. In sun ƙare ka miƙa wa na kusa, ko da hawaye. In an ɗauke wuta, duk wahalar ta tafi, gobe a sake daga farko. Super Mario sai da ya ci mana watanni kafin wani cikinmu ya ga duniya ta takwas, ranar kuwa har maƙwabta sun ji ihunmu. A nan na koyi jiran layi, na koyi faɗuwa a gaban mutane ba tare da na yi fushi na tashi ba.

Kai fa? Na lura da kai. Tsakar dare, cikin bargo, kai kaɗai, kana ta zazzaga jerin sunaye. Ka buɗe wannan minti biyu, ka rufe, ka buɗe wancan. Ga maɓallin da ke adana maka kowane taku, har faɗuwa ta daina yi maka ciwo, nasarar ma ta rasa ɗanɗano. Taura biyu ba ta taunuwa, balle dubu goma. Sannan asuba ta yi, a tashe ka da ƙyar. Wannan shi ke sosa min rai.

Zaɓi wasa uku, ka kau da kai daga sauran. Ɗauki ɗaya ka kai shi ƙarshe ba tare da maɓallin nan ba. In an kira salla, kashe ta, ba inda Mario zai je. Ƙaninka kuma tun ɗazu yake raɓe a bakin ƙofa yana leƙen allon. Kira shi, ka kunna masa Tetris, ka zauna gefensa, in ya faɗi ya miƙo maka.