Jita da Fiyano a Bikin Zurgu

Bayan kaka, an gama kai dawa rumbu, aka sa bikin ƙanwar Habu a Zurgu. Habu ya ce shi zai yi kiɗan da kansa. Shekara biyu yana koyon jita a Kano, ga abokinsa Isiya mai fiyanon Yamaha, irin wanda tun shekarun 1990 ya karɓe kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa, yana fitar da muryar kalangu da sarewa daga akwati ɗaya. Suka ɗauro kayansu, suka biyo ta Rano, jitar na rataye a bayan Habu bisa babur, rana na dukanta.

Bayan isha'i aka tayar da janareta, aka shimfiɗa tabarmi. Isiya ya ɗauko waya, ya soka kanta ɗaya a cikin jita, ɗayan a bayan fiyano, don muryoyin biyu su fita ta lasifika ɗaya. Ya danna kiɗa, 'yan mata suka matso.

Habu ya kaɗa tsirkiya, bai ji kansa ba. Ya murɗa ƙara. Isiya ya ga ana neman danne shi, shi ma ya ƙara. Habu ya matsa jikin lasifika don ya ji, sai ta saki wani kuka mai tsinin gaske, yara suka toshe kunne, awaki suka firgita a turke.

"Kai, jitarka ce ke ɓata min kiɗa!"

"Akwatinka ne ba ya barin kowa ya yi magana!"

Kawun Habu na zaune gefe. Ya yi kiɗan garaya tun yana saurayi, yanzu noma kawai yake yi. Ya taso da sandarsa.

"Ɗana, janye daga bakin lasifikar nan. Abin da ta faɗa ne yake komawa cikin jitarka, ta sake faɗarsa, shi ne kukan. Kai kuma yaro, kashe gangunan, ka danna min murya ɗaya ka riƙe."

Isiya ya danna ya riƙe.

"Habu, taɓa tsirkiyar da ta yi daidai da ita."

Ya taɓa. Sautukan biyu suka haɗu suna rawa, wuwu-wuwu, kamar ruwa a ƙwaryar da aka girgiza.

"Ka ji rawar nan? Faɗa suke yi. Rana ta gasa tsirkiyarka a hanya, ta saki. Murɗa kunnenta a hankali."

Habu ya murɗa. Rawar ta riƙa raguwa, tana raguwa, har ta kwanta, sautin ya zama ɗaya. Haka suka bi tsirkiya shida ɗaya bayan ɗaya.

Habu ya ce, "Kawu, don me ni kaɗai zan gyara?"

"Don taka ce ta kauce, kuma kai ne mai abin murɗawa a hannu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Ya juya ga Isiya. "Kai kuma, akwatinka na da murya ɗari, nasa ɗaya ce. Mai murya ɗari shi ke rage tasa. Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya cika ƙasar nan, don an bar masa fili a ji shi."

Isiya ya sauke ƙarar fiyano har sai da jita ta fito sarai a samanta. Suka fara a hankali. Inda Habu ya ɗauki amo, Isiya ya tsaya a ganga kawai. Inda Habu ya numfasa, Isiya ya cike gurbin da sarewa. Kafin a jima ƙura ta tashi a filin, ƙawayen amarya na juyi, liƙi na sauka a goshin makaɗan biyu.

Da za su naɗe waya, Habu ya ɗaga ta ya ce ita ce ta haɗa su. Kawu ya girgiza kai.

"Tun farko tana nan a soke, kuna ta faɗa. Sai da kowa ya saurari ɗan'uwansa aka yi kiɗa. Ka riƙe wannan, ɗana, ka faɗa wa ƙanwarka da angonta kafin a kai ta ɗaki: wanda ya kauce ya dawo, wanda ya fi ƙarfi ya sassauta murya."