Cinikin Mutum Biyu, Asarar Na Uku

Da wuya a sami gida a garin Lafiya wanda bai san amfanin babur ba. Shi yake kai yara makaranta da safe, shi yake ɗauko doya daga kasuwa, shi ne kuma yake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare sa'ad da babu mota. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya babban birninta, garin ya yi ta faɗaɗa ta hanyar Jos, da hanyar Makurdi, da ta Shendam, da ta Doma. Jama'a suka ƙaru, 'yan acaɓa ma suka ƙaru tare da su. Sana'a ce ta gumi, wadda ta ciyar da iyalai, ta biya kuɗin makaranta, ta kuma raba samari da yawa da zaman banza.

Amma akwai wani abu game da wannan sana'a wanda ya isa a tsaya a yi tunani a kansa. Ɗan acaɓa yana da ido mai kaifi ƙwarai wajen hango jami'i. Tun daga nesa yakan gane rigar ɗan sanda, ko ta jami'in kiyaye haɗurra, ko ta mai ba da hannu. Abokin sana'arsa da yake tahowa daga can yakan yi masa alama da hannu ko da fitila, shi kuwa nan take ya juya a tsakiyar titi ya shige lungu. Wannan idon ne sau da yawa ba ya ganin yaron da yake shirin tsallaka hanya, ko tsohuwar da take ɗauke da itace a gefen kwalta. Tambayar da take gaban iyalan masu bi ita ce: wa ya kamata mai tuƙi ya riƙa dubawa a kan hanya, kuma a gaban wa zai ba da lissafi?

Abin da doka take tsarewa

Dokar hanya ba ta faɗo daga sama ba, asarar rayuka ce ta haife ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara ta haɗarin hanya, kuma shi ne babban abin da yake kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce take kan gaba wajen yawan mace-macen idan an gwada da yawan jama'arta. Irin wannan asara ce ta sa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko.

Dalilin kowace ƙa'ida a bayyane yake ga mai son ya gani. Babur da yake gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa guda. Wato mai tuƙin da ya waiwaya sau ɗaya don ya ga ko jami'i yana biye da shi, ya yi tafiyar da ta fi tsawon babbar mota ba tare da ya ga gabansa ba. Idan an ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin a tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Direban tirela ko tankar mai da yake ratsa Lafiya zuwa Makurdi yana da wurare a gefen motarsa da bayanta inda madubinsa ba ya nuna masa kome, ɗan acaɓar da ya kutsa nan ya shiga inda ba a san da shi ba. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur kuwa jikinsa ne garkuwarsa, da jikin fasinjansa. Ma'aikatan sashen gaggawa na asibitin da mutanen Lafiya suka sani da sunan Dalhatu Araf sun fi kowa sanin abin da wannan yake nufi.

Hular ƙwarya

A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sa hular kwano a duk faɗin Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki labari ya bazu har ƙasashen waje cewa a wasu garuruwa 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya ko robar fenti a ka, su ɗaure da igiya. An yi dariya sosai. Amma a cikin dariyar akwai darasi mai nauyi. Wanda ya kifa ƙwarya a kansa bai yi tunanin kwalta ba, tunanin jami'i ya yi. Ƙwarya tana iya ruɗin idon mutum daga nesa, ba ta iya ruɗin dutsen da kai zai bugu da shi. Hular kwano ta gaske, idan an ɗaura ta daidai, bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida.

Ƙwaryar nan ba ta ɓace ba, kamanni kawai ta sauya. Ita ce hular da ake rataye wa a hannun babur, a ɗora ta a ka idan an kusa shinge, a cire idan an wuce. Ita ce madubin da aka kwance aka ajiye a gida don babur ya fi kyan gani. Manzo Bulus, cikin Romawa 13, ya koyar cewa biyayya ga hukuma tana da tushe biyu, tsoron hukunci da kuma lamiri. Tsoron hukunci yana aiki ne a inda jami'i yake tsaye kawai, jami'ai kuwa ba su da yawan da za su tsaya a kowane lungu na Bukan Sidi ko Tudun Gwandara. Lamiri shi yake bin mutum har inda babu mai kallo.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan irin alhaki tun da daɗewa. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa katanga, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a ce a jira sai wani ya faɗo ba. Rashin katangar kansa laifi ne tun ranar da aka gama gini. Haka birkin da aka san ya lalace, da fitilar da ta mutu, da tayar da ta cinye. Laifin yana nan tun kafin ranar haɗari.

Wanda ba ya wurin ciniki

Kowa ya san abin da yakan faru a shinge. Jami'i ya tsayar da ɗan acaɓa, ya zare makulli. Babu lasisi, babu hula, fasinja uku ne a baya. A yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, hannu ya taɓa hannu, a mayar da makulli. Dukansu biyu sun rabu suna ganin sun ci riba. Ɗaya ya sami na cefane, ɗaya ya tsira daga tara da ɓata wuni.

Mutane da yawa suna ganin wannan ƙaramin abu ne, tun da babu wanda aka cuta. Amma a duba abin da aka sayar a wurin. Jami'in bai gyara birkin ba, bai sauke fasinja ko ɗaya ba, bai koya wa yaron tuƙi ba. Izini ya sayar, iznin ci gaba da tafiya da haɗarin kamar yadda yake. Wanda zai biya ainihin kuɗin wannan izni ba ya wurin. Wataƙila yarinya ce da take dawowa daga makaranta can gaba, wataƙila matar da za ta hau babur ɗin gobe da jariri a baya. Ba a tambaye ta ba, ba ta karɓi kome ba, amma ƙafarta ko ranta aka saka a cinikin. Fitowa 23:8 ta hana karɓar toshiya domin tana makantar da mai gani. A kan hanya kuwa makantar ta mutum biyu ce: mai tsaro ya daina ganin laifi, mai tuƙi ya koyi cewa abin tsoro a hanya shi ne rashin canji a aljihu.

Ƙananan kuɗin nan ba ƙanana ba ne idan an tara su. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ya nuna cewa a 2023 'yan Nijeriya sun ba ma'aikatan gwamnati cin hanci na tsabar kuɗi wajen naira biliyan 721. Daga hannu zuwa hannu aka tara wannan tudu.

To, talakan da aka matsa masa fa?

Akwai ƙorafi mai ƙarfi wanda bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Ɗan acaɓa zai ce, ko takardunsa sun cika, akwai jami'in da ba zai sake shi ba sai ya ba da wani abu. Babur ɗin ba nasa ba ne, mai shi yana jiran kuɗin yamma. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 ribar ta ragu ƙwarai. Idan aka kai babur ofis, wuni ya tafi, yara su kwana da yunwa. Ya kuma ga yadda aka hana sana'ar a tsakiyar Abuja a 2006, da Kano a 2013, don haka yana jin cewa hukuma ba ta ɗauke shi a bakin kome ba.

Gaskiya ce, kuma adalci ya bukaci a rarrabe abu biyu. Mutumin da yake kan gaskiya aka tsare shi aka karɓe kuɗinsa da ƙarfi, an yi masa ƙwace, nauyin zunubin yana kan wanda ya ƙwata. Mutumin da ya san yana da laifi ya miƙa kuɗi don a rufe ido, ya ba da toshiya, su biyu suka raba alhakin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin lura shi ne, rashin lasisi da rashin hula su ne igiyar da mugun jami'i yake kama mutum da ita. Wanda ya cika ƙa'ida yana da bakin magana. Yana iya tsayawa da ladabi, ya nuna takardunsa, ya nemi a rubuta masa takardar laifi idan akwai laifi, ya je ya biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ya karɓi rasit.

Wannan hanya tana da tsada, kada a ruɗi kowa. Ayyukan Manzanni 24 ta nuna gwamna Filikus yana ta kiran Bulus da begen samun kuɗi a hannunsa, Bulus kuwa ya yi shekara biyu a tsare bai saya wa kansa 'yanci ba. Amma shi wannan Bulus bai yi shiru a kan haƙƙinsa ba, gama a Filibi da Urushalima ya fito fili ya tuna wa hukuma abin da dokar Roma ta ba shi. Mai bi ba ya gudu daga jami'i, ba ya zaginsa, ba ya kuma sayen sa. Gudu ma shi ya fi muni, domin babur da yake tserewa ta hannun da ba nasa ba, mai tuƙinsa yana waiwaye, makami ne a cikin jama'a.

Jami'in ma maƙwabci ne

Mutumin da yake tsaye cikin rana a mahaɗar hanya ba baƙo ba ne. Sau da yawa yana zaune a benci guda da ɗan acaɓa ranar Lahadi, matarsa tana cikin zumuntar mata. Sa'ad da sojoji da masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, cikin Luka 3, bai ce su bar aikinsu ba. Ya gargaɗe su kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙage, albashinsu kuma ya ishe su. Aikin tsaron hanya hidima ce mai daraja. Jami'in da ya sauke yaro na huɗu daga kan babur, ya ƙi karɓar kome, ya ceci ran da ba zai taɓa sanin sunan mai shi ba. Wanda kuwa ya kawo kuɗin shinge cikin baiko, ya kamata ya tambayi kansa ko jinin wa yake jikin kuɗin. Ekklesiya ma tana da bakin da za ta yi magana da shugabanni a kan albashin ƙananan jami'ai da kuma manyan da suke jiran rabonsu daga shinge.

Rabon gidan mai bi

Da sauƙi a ɗora kome a kan samarin da suke tuƙi, amma alhakin ya shiga gidaje da yawa. Akwai dattijon da ya sayi Bajaj ya ba yaron da bai taɓa koyon ƙa'idar hanya ba, ya yanka masa kuɗin da ba zai samu ba sai da gudun wuce kima, ya kuma ƙi sayen taya. Fitowa 21 ta yi magana a kan mai sa wanda ya san sansa yana tunkuyi amma bai ɗaure shi ba, ta ɗora masa alhakin abin da san ya yi. Akwai uwar da take jera yara huɗu a babur guda don ta rage kuɗin hanya. Akwai mai bi da ya makara zuwa sujada, yana bubbuga kafaɗar ɗan acaɓa yana cewa ya ƙara wuta. Akwai uban da yake ba ɗansa ɗan shekara goma sha uku makulli ya aike shi kasuwa. Ba ɗaya daga cikinsu da jami'i zai tsayar, amma duk suna da hannu a abin da zai faru.

Gyaran ma a gida yake farawa. Mai babur ya nema wa yaronsa lasisi da hula biyu kafin ya nemi kuɗin yamma. Fasinja ya buɗe baki ya ce a rage gudu, in an ƙi ya sauka. Ƙungiyar matasa ta gayyaci jami'an kiyaye haɗurra su zo su koyar, gama suna da sashen wayar da kan jama'a domin wannan. Kowane gida ya san lambar gaggawa ta hukumar, wato 122. Kuma ekklesiya ta tsaya wa ɗan'uwan da ya rasa kuɗin wuni saboda ya ƙi ba da toshiya, kada iyalinsa su kwana da yunwa a kan gaskiya.

Kayinu ne ya fara musun cewa shi mai tsaron ɗan'uwansa ne, Ubangiji kuwa bai karɓi wannan amsa ba. Duk wanda ya ɗora mutum a bayansa ya karɓi amanar rai, duk wanda ya sa rigar hukuma ya tsaya a hanya ya karɓi amanar waɗanda suke can gaba. Allah ya ba masu tuƙi da masu tsaro idon da yake ganin maƙwabci, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.